Ƙarnin Gida

A kudancin Jihar Kano, kimanin kilomita 70 daga birni, akwai wani makeken ruwa a ƙasar Bebeji wanda ake kira Madatsar Ruwa ta Tiga. Gwamnatin Audu Baƙo ce ta datse Kogin Kano a wannan wuri tsakanin shekarar 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Arewa. Shi wannan kogi yana gangarowa ne daga tsaunukan kudu, ya ratso ƙasar Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada, kafin ya zo ya kwanta a Tiga. Abin da gwamnati ta nufa da aikin shi ne noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, da kuma ruwan sha ga mutanen birni. To, amma duk inda ruwa ya kwanta ba a rasa kifi, inda kuwa kifi yake masunci ba ya nisa.

A wani ƙauye na bakin wannan ruwa malamin da wannan labari ya shafa ya tashi. Mahaifinsa manomi ne da damina, masunci da rani, kamar yadda ya gada. Da ruwa ya cinye gonarsa, sai ya rungumi su gaba ɗaya, ya ƙara ilmi wurin Sarkawan da suke zuwa ci-rani, har ya zama ba a yi masa gardama a kan sha'anin ruwa. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma in aka zube kifi a gabansa zai ware shi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan kowanne, da inda yake kwana, da abin da yake ci, da watan da yake ƙwai. Ga tarwaɗa, ga karfasa, ga kurungu mai ƙaya, ga ragon ruwa, ga kawara, ga tsage mai haƙora kamar zarto, ga kuma giwan ruwa wanda in aka dace da babba sai ƙarti biyu sun kama. A tsakar gidan kullum akwai kalli da birgi da mamari a shanye, a bayan ɗaki kuwa murhun banda ba ya hutawa. Hayaƙi da ƙarni sun kama bango, sun kama tabarma, sun kama tufafin kowa, har mutanen gidan ba su ƙara jin su ba.

Yaron bai san cewa gidansu yana da wari ba sai ranar da ya shiga makarantar kwana. Tun daren farko wani ɗan birni ya toshe hanci ya tambaya wa ya shigo da kifi ɗaki. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna, kuma sunan ya bi shi har ya gama makarantar. Ya riƙa wanke kayansa sau biyu. Ƙullin kifi banda da mahaifiyarsa take cusa masa a ƙasan akwati duk ƙarshen hutu, ya koyi jefa shi cikin daji tun kafin mota ta kai bakin makaranta. In aka tambaye shi sana'ar ubansa sai ya ce manomi ne. Ba ƙarya ya yi ba, amma kuma bai faɗi gaskiya ba. Haka ya wuce jami'a a Kano, ya karanta Hausa, ya zama malami. Shekara da shekaru yana koyar da ƙirar kalma da ginin jimla, yana kawo misalai daga kasuwa da fada da gona, amma bai taɓa kawo misali ko ɗaya daga ruwa ba. Da Allah ya hore masa, ya yi wa gidansu rufin kwano, sa'an nan ya roƙi mahaifinsa ya bar su ya huta. Tsohon ya ci gaba da ɗinkin kallinsa, ya ce, "Malam, kai da alli, ni da kalli. Kowa ya riƙe nasa."

Ana nan sai ya sami tallafin karatu zuwa Landan don neman digiri na uku, a Makarantar Nazarin Ƙasashen Gabas da Afirka, wadda aka fi sani da SOAS. Ya tafi shi kaɗai a shekarar farko, ya kama ɗan ɗaki a wani bene mai hayar mutane da yawa. Ya isa ne lokacin da ganye ke zuba, kafin ya ankara hunturu ya shigo, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Sanyi bai dame shi kamar abinci ba. Bai taɓa ɗora tukunya ba, don a gidan Bahaushe madafa ta mata ce. Naman kanti bai san wanda ya yanka ba, mahautan Musulmi kuwa suna nesa da unguwarsa, ga tsada. Ya koma shayi da burodi da dafaffen ƙwai, safe da dare. Masunta sukan ce gaiwa, in tafki ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta dunƙule, ta riƙa cin jikinta har damina ta dawo. Haka malamin ya yi watanni uku, yana ramewa a cikin rigar sanyi ba wanda ya lura.

Kifi ne mafita ga Musulmin da ya sami kansa a irin wannan hali, domin ba ya bukatar yanka. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo daga ruwa, kuma malaman mazhabar Malikiyya ba su togace wani kifi ba. Saboda haka ya fara sayen irin na Turawa, wanda ake tsomawa cikin ƙullun fulawa a soya, a haɗa da dankali, a yayyafa gishiri da wani ruwan tsami. Ya ci, ya ƙoshi, amma bai ji ya ci kifi ba. Ba kai, ba ƙaya, ba yaji, ba ƙarni. Shi da ya yi rabin rayuwarsa yana gudun ƙarni, sai ga shi yana shinshina takarda yana nemansa.

Wata Juma'a a masallaci ya haɗu da wani dattijo direban bas, mutumin zangon Kumasi ta ƙasar Gana, wanda ya shekara ashirin a Landan amma Hausarsa ba ta goge ba. Dattijon ya dube shi ya ce, "Malam, kai ba ciwo ke damunka ba, miya ce." Washegari Asabar, tun kafin asuba, ya ɗauke shi zuwa Billingsgate, babbar kasuwar kifi ta Landan, wadda aka tayar daga tsohon mazauninta na tsakiyar birni a shekarar 1982 aka mayar da ita gabas, kusa da tsofaffin tashoshin jiragen ruwa. A lokacin kasuwar tana ci ne daga ƙarfe huɗu na asuba, kafin hantsi an watse. Suna shiga ƙofa iskar wurin ta bugi malamin, ya tsaya cik. Ƙarni ne, irin na bakin Tiga in kwalekwale sun dawo da safe. Ya bi layi yana duba kifayen teku waɗanda bai san sunansu da kowane harshe ba, har ya zo kan wani kwali cike da kifi mai faɗi, daskararre, wanda aka yi kiwonsa a tafkunan Asiya. Bai san lokacin da ya ɗaga murya ya ce, "Karfasa!" ba. Gaba kaɗan kuma ga tarwaɗa da gashin bakinta. Ya sayi abin da aljihunsa zai iya, suka biya ta kantunan 'yan Afirka na Dalston ya sami attaruhu da citta da kanumfari da masoro da kimba, da daddawar Yarbawa wadda suke kira iru, ita ma daga ɗorawa ake yin ta.

Da ya tsaya a gaban murhu sai ya tarar hannunsa ya san abin da kansa ya manta. Ashe madafar gida ce ta mata. A bakin ruwa maza ne ke girki, kuma ya sha zama kusa da mahaifinsa yana kallo tun bai kai shekara bakwai ba. A can da toka ake cire yauƙin tarwaɗa. A nan ba toka, sai ya zuba mata ruwan zafi, ya goge da gishiri da lemun tsami har fatar ta daina santsi. Ya farke cikin a hankali ya zare matsarmama ba tare da ta fashe ba, don in ta fashe ɗaci ya gama tukunya. Ya jajjaga attaruhu da albasa, ya daka kayan yaji a cikin kofi da gindin cokali, ya bar romon ya tafasa sosai har daddawa ta saki jiki, sa'an nan ya jera gunduwa-gunduwar kifin ya rage wuta. Ya ɗauki ludayi zai juya, sai ya ji kamar an riƙe masa hannu. Ba a sa wa farfesun tarwaɗa ludayi, kunnuwan tukunya ake kamawa a jijjiga, in ba haka ba kifin ya dagargaje. Ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ci da hannu, ya tsotse kan tas. A daren nan ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun saukarsa ƙasar.

Daga nan Asabar ta zama ranar kifi. Wata rana farfesu, wata rana karfasa soyayya da yajin ƙuli-ƙuli, wata rana dafa-duka da sukumbiya in kuɗi sun yi ƙasa. Abin bai tafi sumul ba. Ranar da ya gwada yin banda a cikin obin, hayaƙi ya tayar da ƙararrawar gobara, mutanen bene duka suka fito waje cikin sanyi, wasu da kayan barci. Da safe ya tsinci takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, ana ƙorafi a kan warin da ke fita daga ɗakinsa. Mutum mai shekara arba'in, mai iyali, sai ga shi yana wanke labule sau biyu kamar ɗan aji ɗaya na makarantar kwana. Amma wannan karon bai jefar da kifin ba. Ya ba maƙwabta haƙuri, domin suna da gaskiya, ya koyi rufe ƙofa da buɗe taga, da tafasa kanumfari da ɓawon lemo bayan ya gama. Ya bar banda ga masu murhun banda, ya ci gaba da girkinsa.

A shekara ta biyu iyalinsa suka iso, maiɗakinsa da 'yarsu mai shekara biyar, suka koma wani gida mai ɗan faɗi. Yaro da harshe kamar busasshiyar ƙasa ce da ruwa. Kafin shekara biyu yarinyar ta shanye Ingilishi, Hausa kuwa ta fara tsanewa. Sai a yi mata magana da Hausa ta mayar da Ingilishi. Wata Asabar tukunya tana kan wuta, ta shigo ta toshe hanci, ta ce da Turanci gidan yana wari, kuma 'yan ajinsu sun ce rigar sanyinta tana warin kifi. Uwar ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ko dai mu rage kifin nan? Kada yarinya ta zama abin dariya." Bai ce komai ba. Ya san wannan toshe hanci, ya kuma san inda yake kai mutum, don shi ma ta nan ya bi. Ya sayo leda aka riƙa rufe rigar makaranta a wani ɗaki. Amma da Asabar ta zagayo, ya tashe ta da asuba ya tafi da ita kasuwa.

Bai yi mata wa'azi a kan asali ba. Wasa ya mayar da abin. Duk kifin da ta faɗi sunansa da Hausa, tsokar kumatunsa tata ce. A gida ya ɗora ta kan kujera kusa da shi, ya ba ta cokali ta kankare ɓawon karfasa. A nan ta koyi kankarewa da farkewa da ɗaurayewa da tsanewa, ta koyi bambancin tafasa da turara, da na ɗanɗana da tsotsa, ba daga allo ba, daga yatsunta. Wata rana ta ce, "Abba, ai giwa mace ce. Don me ake cewa giwan ruwa, ba giwar ruwa ba?" Malamin ya ajiye wuƙa. Wannan tambaya ce da masana nahawun Hausa suka tsaya a kanta. Giwar daji giwa ce da ke zaune a daji, don haka mahaɗin ya bi jinsinta. Giwan ruwa kuwa ba giwa ba ce. Kalmomin biyu sun narke sun zama harɗaɗɗen suna guda na wani kifi, shi ya sa aka sami mahaɗin namiji a jikin kalmar mace. Shekarunsa nawa yana koyar da harɗaɗɗun sunaye, ga misali mafi kyau a tsakar gidansu bai taɓa ɗauka ba.

Ba a daɗe ba sunayen da ke kansa suka ƙare. Ya ƙirga, goma sha ɗaya kacal ya iya tunawa daga ɗimbin da mahaifinsa ke jerawa. Ya shiga laburaren makaranta ya ɗauko ƙamusun Bargery, wanda aka buga a shekarar 1934, mai kalmomi sama da 39,000. Ya yi makonni yana bin sa shafi-shafi yana tsamo sunayen kifi, ya cika takardu. Sai dai da yawa daga cikinsu bayanin da aka yi musu bai wuce a ce wani irin kifi ne ba. Ƙamus ya adana sunan, amma bai adana kifin ba. Wanda zai iya haɗa suna da mai suna yana can bakin Tiga yana ɗinkin kalli.

A lokacin wayar hannu ta shigo Nijeriya, tun shekarar 2001, amma a ƙauyensu sai an hau wani tudu ake samun magana. Ya sayi katin waya, ya shirya da ƙaninsa ya kai tsohon kan tudun ranar Lahadi bayan la'asar. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, mene ne minjirya?" Aka yi shiru, sa'an nan ya ji dariya. "Malam, lafiya? Ko bokon ne ya ƙare za a dawo su?" Daga nan ya amsa: minjirya ita ce wadda in ka taɓa ta za ta girgiza ka har kafaɗa. Bargi mai manyan ɓawo ne, yana yin sheƙa a cikin ciyawa. Falya faffaɗa ce kamar faifai. Yauni dogo ne, in yana gadin ƙwansa ba a kusantarsa. Wasu sunayen ya ce ba na ruwansu ba ne, a bakin Sarkawa ya ji su. Wasu ya ce a bari sai Malam ya dawo ya nuna masa da hannu. Haka suka riƙa yi duk Lahadi, minti goma ko sha biyar, har kati ya ƙare. Tun da malamin ya shiga makarantar kwana ba su taɓa hira mai tsawon wannan ba.

Wata Lahadi tsohon ya tambaya, "Amaryata tana jin Hausa kuwa?" Yana nufin jikarsa. Malamin ya ce tana ji, amma mayarwa ce sai a hankali. Tsohon ya ce, "Ka tuna yadda muke yi wa tarwaɗa in za a yi banda? Tun tana ɗanya ake lanƙwasa ta, a haɗa wutsiya da baki a soke da tsinke. In ta bushe ka ce za ka lanƙwasa, karyewa za ta yi." Bai ƙara komai a kai ba, ya shiga tambayar sanyin ƙasar.

Bayan wasu watanni wani ɗalibi da ya je hutu gida ya zo musu da saƙo: tarwaɗa banda guda tara, naɗe cikin takardar siminti, an ɗaure da zaren kalli, da ƙullin kuka da daddawa daga mahaifiyarsa. Suka yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Yarinyar ce ta ɓare kifin ta cire ƙaya. Mako uku bayan haka, da tsakar dare, ƙaninsa ya bugo waya. Kafin gari ya waye a Landan an gama shirin jana'iza, kafin azahar an kai tsohon makwancinsa. A takardar malamin akwai sauran sunaye goma sha bakwai da ba a kai gare su ba. Akwai kuma maganar ƙullin kifin da ya riƙa jefawa a daji, wadda ya yi niyyar faɗa masa baki da baki ya nemi gafara. Sauran kifin takardar simintin maiɗakinsa ta riƙa gutsura kaɗan-kaɗan tana sa wa miya, har ya kai su ƙarshen hunturu.

Da suka dawo gida bayan kammala karatu, suka je ƙauye gaisuwa. Tsohuwa ta dubi jikarta sama da ƙasa ta ce, "To, kishiya, an dawo? Ko sai an nemo mana tafinta?" Ta jawo kwandon kifin da aka kawo daga bakin ruwa ta tura mata. Yarinyar ta tsuguna ta fara warewa: wannan karfasa, wannan kurungu, wannan ragon ruwa. Ta karɓi wuƙa ta farke cikin tarwaɗa ta zare matsarmama ɗungurungum. Tsohuwa ta juya fuska ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Ashe Turawa ba su cinye mini kishiya duka ba."

Malamin ya zagaya bakin ruwa da takardarsa. Sa'o'in mahaifinsa saura ƙalilan. Daga cikin sunaye goma sha bakwai ɗin nan, shida ya sami wanda ya gane. Masunta suna kukan cewa kifi ya ja baya, kuma raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan tun ba su girma ba. Samari da yawa sun bar kwalekwale sun koma birni. A kasuwa tarwaɗar kiwo da kifin ƙanƙara sun fi yawa, har yaro yakan girma bai san sunan kifi fiye da biyu ko uku ba. Kalma ba a littafi take rayuwa ba. Tana rayuwa ne a hannun mai sana'a da bakin mai ci, in sana'ar ta mutu ko aka ji kunyarta, sai kalmar ta koma ƙamus ta kwanta.

Wannan shi ne abin da ya kamata malamin Hausa mai jiran gado ya riƙe. In aka tura shi Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa, zai tarar da 'ya'yan masunta da na maƙera da na mahauta da na majema a ajinsa, kowanne ya zo da warin gidansu a riga da kalmomin gidansu a baki. Abin da malami ya yi a ranar da aka fara toshe wa ɗayansu hanci, shi zai nuna ko yaron zai kawo waɗannan kalmomi aji, ko zai jefa su a daji tun kafin ya iso. Shi dai wannan malami, tun dawowarsa aikin farko da yake ba sababbin ɗalibai shi ne kowa ya je gida ya zauna da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya rubuto kalmomi ashirin na sana'arsu waɗanda ba su cikin littafin aji, kuma kada ya bari sai wani hutun. Kafin su watse yakan ɗauki alli ya rubuta nasa a allo, ya fara da tarwaɗa. In wani ya tambaya inda ya samo su, sai ya ce mahaifinsa masunci ne a Tiga.